Tarin Alhaji Gariba

Ƙarfe biyun dare a Aboabo,
mai shayin bakin kwata ya kife tukunya.
Saura ni da fanka da kwamfuta,
sai Alhaji Gariba a cikin gilashi
yana ta magana, kwana talatin da takwas da binne shi.

Kubura ce ta kawo shi, cikin waya mai tsagaggiyar fuska.
"Tijani, jibi sadakar arba'in.
A sa shi a talabijin ɗin zaure,
a kuma tura wa Sumaila can Hamburg."
Minti goma sha ɗaya ne kacal,
jika ta ɗauka, hannu na rawa,
tsoho zaune gefen huhun goro.

Fitarwa ta farko, gigabait biyar da ɗoriya.
Filas ya tofar da ita,
shi wai ba ya haɗiye abin da ya haura huɗu.

Ta biyu na naɗe da sabon kodek,
mai lamba ɗari biyu da sittin da biyar,
wanda ake yabo da iya matsi.
Na soka a tsohon talabijin ɗin shago don gwaji.
Baƙi ƙirin.
Murya kaɗai ke fitowa daga duhu
tana cewa a riƙe zumunci.
Na yi a'uziyya, na zare.

Ta uku na koma tsohon kodek, na rage masa abinci.
Fayil ya rame, ya shiga waya sumul,
amma fuskar ta farfashe gida-gida
kamar dara a ƙasa.
Tsagar kumatunsa ta ɓace,
gemun ya zama farin hayaƙi.
Wa zai kai wa marayu wannan?

Ga kuma wata sabuwa:
daga minti na shida leɓe ya riga murya.
Baki ya rufe, amin tana tafe a baya
kamar yaro mai bin tirotiro da gudu.
Wayar ce munafuka.
In haske ya wadata ta ba da hoto talatin a daƙiƙa,
in gajimare ya gifta ta yi rowa,
sauti kuwa bai san an yi ba.

Sau arba'in na ji shi a daren nan,
sai yanzu na saurara.
Ya dafa huhun, ya ce da jikar:
"Ɗauri shi ne sana'ar.
Ka matse, goro ya ƙuje.
Ka sake, iska ta sha shi kafin Bawku."

To, Alhaji.
Na daidaita hoton, talatin ba ragi ba ƙari,
na ɗaure sauti a dubu arba'in da takwas,
na ba fuskar abin da zai ishe ta.
Don fayil ya yi sauƙi na datse shiru-shirun,
na yanke tari uku da wani dogon kaki.

Kashi casa'in da bakwai, dumso ta ɗauke wuta.
Ban zagi kowa ba. Na dai zauna
ina jin sauro yana lissafin jinina.
Da kiran assalatu ta dawo.
Na sake. Ya fita.
Baki da murya suka faɗi amin tare.

Hantsi Kubura ta shigo da ƙullin waken shinkafa,
ta tsaya, ba ta ko ajiye jaka ba.
Ta kalla har ƙarshe.
Ina jiran ta yaba tsagar kumatu.

"Ina tarin?"

Na ce ai na gyara.

"Shekara ashirin da tarin nan muke sanin ya shigo gida.
Mayar da shi, Tijani."

Waken ya huce a kan firinta.
Na ja kujera, na buɗe kwandon shara,
ina neman tari uku da dogon kaki.